Ma'aunin Hujja a Kan Da'awar Sanin Ɓoye: Nazari Daga Jalingo

Tsakure

Wannan takarda tana bitar irin hujjar da ya kamata a nema daga duk wanda ya ce yana da baiwar sanin abin da ke ɓoye, wato ya gano ɓarawo, ya faɗi abin da zai faru gobe, ya karanta zuciyar wani, ko ya tsare ruwan sama. Matsayinta shi ne, da zarar da'awa ta taɓa abin da ido ke gani kuma ake iya ƙirgawa, ta shigo hurumin gwaji, kuma nauyin hujjar da za a nema dole ya yi daidai da girman ɓarnar da kuskure zai haifar. Takardar ta nuna cewa wannan ma'auni yana da tushe a ilimin malamanmu da shari'armu, sannan ta kawo shawarar yadda za a gwada irin waɗannan da'awowi a Jalingo ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Inda maganar ta dosa

Tun kafin Jalingo ta zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, gari ne da ya tara jama'a iri-iri: Fulanin Muri da suka mayar da shi mazaunin sarauta a 1893 zamanin Sarki Muhammadu Nya, Jukunawan Kona, Mumuye, Hausawa 'yan kasuwa, da ma'aikata daga kowace kusurwa ta jihar. Kowane rukuni yana da nasa masu gani. Akwai malamin duba mai bugun ƙasa, akwai boka, akwai 'yan bori, akwai mai addu'a da ke cewa an nuna masa wahayi, akwai kuma wanda ake ɗauka ya riƙe ruwa ranar biki. Aƙidarsu ta bambanta, sau da yawa ma suna ƙaryata juna, amma da'awarsu siffa ɗaya gare ta: labari yana iso musu, ko tasiri yana fita daga gare su, ta hanyar da ba ta ji ba ce, ba ta gani ba, ba kuma ta lissafin hankali ba. Masu zuwa wurinsu ba wawaye ba ne. Mutum ne aka sace masa waya ko akuya, mace ce ta daɗe ba haihuwa, ɗan siyasa ne zaɓe ya matso, iyaye ne ciwon ɗansu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ya kamata a shata iyaka tun da wuri. Wannan takarda ba ta auna samuwar Allah, ko mala'iku, ko aljanu, ko amfanin addu'a a wurin mai imani. Waɗannan ba su da ƙofar shiga ɗakin gwaji, kuma masanin kimiyya mai gaskiya ba ya cewa ya auna su. Haka nan abin da masanin al'adu C. K. Meek ya rubuta a 1931 game da matsayin Aku Uka na Wukari a sha'anin ruwa da albarkar gona, ko game da mai ruwan Mumuye na Yoro, sha'ani ne na sarauta da tsarin zaman al'umma, kuma masana tarihi da al'adu ne suka fi cancanta su yi magana a kai. Abin da ke gabanmu ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi shi kaifi: ɗan Adam ne yake cewa wane ne ya ɗauki kuɗin, ko cikin nan namiji ne, ko ba za a yi ruwa ranar Asabar ba. Kowace daga cikin waɗannan jimloli tana iya zama gaskiya ko ƙarya, kuma akwai hanyar sani.

Dalilin da ya sa shaidar ido ba ta wadatar ba

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma da wannan karin magana ake rufe bakin mai tantama: ai ni na gani da idona. Matsalar ita ce ido yana ganin dacen da aka yi, ba ya ƙirga kuskuren da ya wuce shiru. Wanda malamin duba ya faɗa wa magana ta tabbata zai yi shekara ashirin yana ba da labari. Wanda aka faɗa wa ba ta tabbata ba, kunya ma takan hana shi cewa ya je. Saboda haka labaran da ke yawo a gari tatattu ne tun daga tushe. A ɗauki faɗin jinsin abin da ke ciki. Mai kintace kawai zai dace a kusan rabin lokuta. Yiwuwar ya dace sau goma a jere ɗaya ce cikin 1,024, abin da ke nufin cewa idan masu kintace dubu suka gwada, ba abin mamaki ba ne a sami ɗaya da bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, kuma shi ne sunansa zai cika gari. Haka batun riƙe ruwa. Damina a Jalingo takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, amma ko a tsakiyarta ba kowane yammaci ake ruwa ba. Kafin a ce wane ya riƙe ruwa, sai an san sau nawa irin wannan yammacin ke wucewa ba ruwa alhali ba a ɗauki kowa aiki ba. Idan babu wannan adadi na kwatance, dacen ba ya nuna komai.

Abu na biyu shi ne yadda zuciya ke cika gibin magana da kanta. A 1948 masanin halayyar ɗan Adam Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 takarda, ya ce wa kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewar bayanin daga 0 zuwa 5, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Takarda iri ɗaya ce aka ba kowa, an haɗa ta daga maganganun masu duban taurari. Duk wanda ya san yadda zaman duba ke gudana zai gane wannan salo: akwai mai yi maka hassada a kusa da kai, kana da alheri a gaba amma an tare, akwai wata mace a cikin lamarin. Da wuya a sami baligi a Sabon Gari ko Magami da waɗannan ba za su hau kansa ba. Mai tambaya ne ke kawo sunan, shi ke kawo labarin, daga baya kuma ya tuna cewa malam ne ya faɗa.

Abu na uku ya fi ɗaure kai, domin babu mayaudari a cikinsa. Hanyoyin kama ɓarawo da ake riƙe wani abu, tsintsiya ko sanda ko abin da aka rataya a zare, sai a ga ya motsa da an ambaci sunan wani, suna da bayani da aka sani tun ƙarni na 19. William Carpenter ya bayyana a 1852 cewa tsammanin da ke cikin zuciya yana motsa tsoka ba da sanin mai ita ba. A 1853 Michael Faraday ya gwada masu cewa ruhohi na juya tebur a Landan. Ya sa wata 'yar na'ura tsakanin hannuwansu da teburin, ta nuna cewa su ne ke turawa, alhali sun rantse ba su tura ba, kuma gaskiyarsu suka faɗa. Mai riƙe da tsintsiya ya san wanda gida ke zargi, hannunsa kuma yana bin zarginsa. Maganin wannan ɗaya ne: a ba wanda bai san kowa ba ya riƙe, kuma kada ya ji sunan da ake ambata. An san wannan dabara ta rufe ido tun 1784, lokacin da Sarkin Faransa ya kafa kwamiti, da Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier a ciki, don binciken da'awar Franz Mesmer ta wani ƙarfi na ɓoye mai warkarwa. An zuba wa bishiya ɗaya ƙarfin, a cewar masu shi, aka rufe wa wani yaro ido aka zagaya da shi. Ya suma a gindin bishiyar da ba a taɓa ba.

Bugun ƙasa ya cancanci a ɗan daɗe a kansa, domin shi ne ya fi kama da ilimi a idon jama'a, kuma lallai akwai lissafi na gaske a cikinsa. Gidajensa 16 ne, kowanne layi huɗu, kowane layi ɗigo ɗaya ko biyu. Daga zanen farko ake fitar da uwaye huɗu, sauran gidajen duka kuma daga su ake haifo su ta ƙa'ida tsayayya, don haka shimfiɗun da za su iya fitowa 65,536 ne, ba ƙari ba ragi. Gida na 15, wanda ake kira alƙali, ba ya taɓa fitowa sai da jimillar ɗigo cika, wato ɗaya daga siffofi takwas kacal. In ya fito mara, mai bugu ya san ya yi kuskuren haɗi. Wannan tsari yana burge mai nazari, amma a lura da abin da yake tabbatarwa: cewa an yi haɗin daidai. Bai ce komai ba game da inda akuyar da ta ɓata take. Gadar da ke tsakanin ɗigon da ke kan yashi da abin da ke faruwa a duniya ita ce ke buƙatar hujja, kuma kyan lissafin ba ya gina ta. Irin wannan rabewa ake buƙata wajen karanta Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741. Hanyoyinsa na tsara hatimi, inda kowane layi ke ba da jimilla ɗaya, lissafi ne da kowa zai iya bi ya tabbatar, shi ya sa masana tarihin lissafi ke ambatonsa har yau. Tasirin da ake jingina wa hatimin a kan lafiya ko arziki magana ce ta daban, mai neman tata hujjar.

Abin da gwaji ya nuna

Ba za a ce masana sun ƙi duba lamarin ba. An kafa ƙungiyar binciken irin waɗannan baiwa a Landan tun 1882. A shekarun 1930 J. B. Rhine na Jami'ar Duke a Amurka ya shiga gwada karanta zuciya da kati 25 masu alamomi biyar, inda mai kintace zai dace da biyar. Sakamakonsa na farko ya haura haka, ya kuma wallafa shi a 1934. Sai masu bita suka nuna cewa ana iya hango alamar ta bayan wasu katunan, kuma masu rubuta maki suna kuskure zuwa ɓangaren da suke fata. Da aka toshe waɗannan kafofi, sai ratar ta yi ta raguwa. A 1974 aka kama Walter Levy, daraktan cibiyar Rhine, yana murɗa alƙaluma, kuma abin yabo ne cewa Rhine da kansa ya sanar da duniya. A 1978 Betty Markwick ta nuna cewa sakamakon S. G. Soal, wanda aka daɗe ana kafa hujja da shi a Ingila, an taɓa shi da hannu. Gwamnatin Amurka ta kashe kusan dala miliyan 20 cikin shekara ashirin da wani abu a kan masu cewa suna hango wurare masu nisa da zuci; da aka sa masana suka yi bitar shirin a 1995, aka ga bai taɓa ba da bayanin leƙen asiri da aka yi aiki da shi ba, aka rufe shi. James Randi, wanda sana'arsa rufa-ido ce, ya ajiye kyauta tun 1964, ta kai dala miliyan ɗaya a 1996, ga duk wanda ya nuna baiwarsa a ƙarƙashin sharuɗɗan da shi mai baiwar ya amince da su. Fiye da mutum dubu suka nema, har aka janye kyautar a 2015 babu wanda ya ci.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne na Daryl Bem, domin shi ƙwararre ne da ake girmamawa, kuma ba a zarge shi da maguɗi ba. A 2011 ya wallafa gwaje-gwaje tara a wata babbar mujallar ilimin halayyar ɗan Adam, da mutum fiye da dubu, yana cewa mutane na iya jin abin da bai faru ba tukuna. A gwajin farko an dace da kashi 53.1 cikin ɗari inda kintace zai ba da 50. A 2012 wasu rukunoni biyu na masana suka maimaita wasu daga gwaje-gwajen, ɗaya da mutum fiye da 3,000, ba su ga komai ba. A 2023 aka wallafa wani babban maimaici da masu yarda da masu tantama suka tsara tare, suka rubuta dukkan ƙa'idojin kafin a fara, aka kuma ajiye kowane sakamako a fili yayin da yake shigowa. Mutum fiye da 2,000 suka shiga. Dacen ya tsaya a kashi 49.89. Abin da ke maimaituwa cikin wannan tarihi na fiye da shekara 140 shi ne, alamar baiwar takan yi ƙarfi inda tsaro ya yi sako-sako, ta dushe inda aka tsananta shi. Abin da yake na gaske akasin haka yake yi: ingancin awo ƙara fito da shi yake.

Daga nan sharuɗɗan hujja suka fito, kuma ba su da yawa. A rubuta da'awar dalla-dalla kafin a san amsa, yadda ba za a iya lanƙwasa ta daga baya ba. A san adadin da kintace kaɗai zai bayar. A tabbatar cewa babu wanda ke wurin da ya san amsar, har da mai gudanar da gwajin. A ƙirga kowane yunƙuri, na dace da na kuskure. Sannan wasu mutane daban, a wani wuri daban, su maimaita su sami abu ɗaya. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a rubuce, kowa na iya riƙe ta da shi in ta kuskure. Ba a nemi mai riƙe ruwa ya yi fiye da haka ba.

Ƙorafe-ƙorafe da amsarsu

Ƙorafi na farko, kuma mafi nauyi a wurinmu, shi ne cewa tantama a kan masu gani tantama ce a kan gaibu, mai yin ta kuma ya kama hanyar rashin imani. Tarihin malamanmu ya nuna akasin haka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta zane a yashi ko duban taurari ko labarin aljanu. Ibn Khaldun, a Muƙaddima, ya bayyana yadda ake bugun ƙasa sannan ya nuna cewa ba shi da tushen da zai kai ga sanin ɓoye. A ɓangaren Kirista, Littafin Kubawar Shari'a sura 18 ya hana duba, ya kuma sa rashin cikar magana ya zama alamar gane mai annabcin ƙarya, wanda shi kansa gwaji ne na a jira a gani. Da an riƙe wannan ma'auni da gaske, da hasashen da shahararrun masu wa'azi ke yi game da zaɓe ana ajiye shi a rubuce a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Sanannen misali shi ne na T. B. Joshua, wanda ya ce mace ce za ta ci zaɓen Amurka na 2016. Mai imani da ya nemi hujja daga ɗan Adam ɗan'uwansa bai taɓa imaninsa ba. Ya ƙi ne kawai ya ba wani mutum matsayin da addininsa ya keɓe wa Mahalicci.

Ƙorafi na biyu yana fitowa daga 'yan boko masu kishin Afirka: wannan ma'auni na Turawa ne, kuma da shi aka raina ilimin kakanninmu. Raini ya faru, ba a musu. Amma ma'aunin ba mallakar Turai ba ne. Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta littafi sukutum na shakku a kan masanin taurari Batlamus, ya kuma gina iliminsa na haske a kan gwaji. Mafi kusa da mu, kowane ɗalibin hadisi a zaurukan Jalingo ya san cewa malaman wannan fanni sun raba adalcin mai ruwaya da kiyayewarsa: mutum yana iya zama salihi mai tsoron Allah, a ajiye ruwayarsa saboda raunin hadda. Wannan ita ce ainihin maganar da muke yi game da mai riƙe tsintsiya, cewa gaskiyar zuciya ba ta lamunce daidaiton labari. Littattafan tarihin malaman hadisi ma sun kawo yadda malaman Bagadaza suka jarraba Imamu Bukhari da hadisai ɗari da aka cuɗanya isnadinsu da gangan, ba a kuma ɗauki wannan a matsayin rashin ladabi ba. Sannan gwaji ne ke ɗaga darajar ilimin gargajiya idan yana da gaskiya. Maganin sikila na Niprisan ya samo asali ne daga haɗin wani mai maganin gargajiya, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta gwada shi a asibiti. Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemisinin daga tsohon littafin magungunan Sin aka tono shi, ya kai Tu Youyou ga kyautar Nobel a 2015. Mai hatsi na gari ba ya gudun mudun mai saye.

Ƙorafi na uku shi ne cewa baiwa ba ta son gwaji: aljanu suna gudu idan akwai mai shakka, ko asiri yana karyewa idan aka nemi a jarraba shi. Wannan amsa tana kare da'awar daga kowace irin ƙaryatawa, amma da tsada, domin da'awar da babu abin da zai iya rushe ta, babu kuma abin da zai iya tabbatar da ita. In an dace a ce baiwa ce, in an kuskure a ce mai shakka ne ya ɓata, to sakamakon bai ƙara mana sanin komai ba. Kuma mai wannan uzuri ya amince ke nan cewa baiwarsa tana iya kuskure ba tare da ya sani ba, wanda ya isa dalilin hana shi ambaton sunan kowa a matsayin ɓarawo.

Ƙorafi na huɗu yana da gaskiya a cikinsa, kuma bai kamata a yi masa gaggawa ba: kimiyya ma tana kuskure, ta sha ƙaryata abin da daga baya ya tabbata. Likitoci sun daɗe suna ƙin yarda cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, har Barry Marshall da Robin Warren suka kawo hujja, aka ba su Nobel a 2005. Amma a duba yadda aka yi suka yi nasara: wasu sun maimaita aikinsu sun ga abin da suka gani, marasa lafiya suka warke. Ba sassauta ma'auni aka yi musu ba, cika shi suka yi. Lamarin Bem ma ya tona rauni a cikin ilimin halayyar ɗan Adam kansa, domin ya bi hanyoyin da kowa ke bi a lokacin. Wannan ya taimaka wajen tilasta wa masana rubuta tsarin bincikensu kafin su fara. Darasin ga mai tantama shi ne ya ɗora wa kansa abin da yake ɗora wa wasu. Wanda ya ce ƙarya ne tun kafin ya duba, shi ma da'awa ya yi ba hujja. Abin koyi shi ne abin da Ray Hyman mai tantama da Charles Honorton mai yarda suka yi a 1986, da suka zauna suka rubuta sharuɗɗan gwaji da dukansu za su amince da sakamakonsa.

Akwai kuma masu cewa a ƙyale mutane, tun da zuwa wurin mai duba yana kwantar da hankali. Lallai sau da yawa mai duba yana sauraron wanda babu mai sauraronsa, kuma wannan aiki ne mai daraja. A nan ne batun nauyin hujja ya shigo. Idan abin da aka faɗa wa mutum shi ne ya yi haƙuri ya yi sadaka, kuskure ba ya kashe kowa. Idan aka ce masa kada ya kai ɗansa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo domin ciwon na jifa ne, kuskure na iya zama rai. Idan aka ce kishiyarta ce, ko tsohuwar nan ta bayan gida mayya ce, ko almajirin nan ne ya ɗauka, to an ɗora wa wanda ba ya wurin hukuncin da ba shi da hanyar kare kansa. A 2023 jita-jitar satar mazakuta ta ratsa Abuja da jihohin da ke kewaye, aka lakaɗa wa mutane duka a kan titi, likitoci kuma suka duba masu ƙorafin suka tarar babu abin da ya ɓata. Likitan ƙwaƙwalwa Sunny Ilechukwu ya riga ya rubuta irin wannan annobar tsoro da ta auku a Najeriya a 1990. A 2018 jaridu sun ruwaito mutuwar mutane a Katsina da Imo wajen gwada maganin bindiga a jikin ɗan Adam. A Iraƙi an dogara da wata na'urar gano bam ta bogi mai suna ADE 651, wadda ba ta da komai a ciki sai sandar da ke juyawa da motsin hannun mai riƙe da ita. Kotun Ingila ta ɗaure mai sayar da ita shekara goma a 2013, bayan an yi shekaru ana tsaron shingaye da ita. Shari'a ta riga ta fahimci wannan. Fiƙihun Malikiyya ya ɗora hujja a wuyan mai ƙara, ba ya kuma tabbatar da sata sai da shaidu adalai ko iƙirari. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 tana neman a tabbatar da laifi yadda babu sauran kokwanto mai ma'ana, dokar Penal Code kuma ta haramta tuhumar mutum da maita da kuma shari'a ta hanyar gwajin azaba. Babu alƙalin da zai karɓi faɗar yashi a matsayin shaida. Abin da ya rage shi ne mai unguwa da uban gida da shugaban 'yan sintiri su riƙe ma'aunin da alƙali ya riƙe, domin a hannunsu yawancin waɗannan ƙararraki ke ƙarewa.

Gwajin da za a iya yi a nan

Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, tana da malaman lissafi, da na nazarin zamantakewa, da na addinai biyu, kuma gwajin da ake buƙata bai fi ƙarfin aljihun sashe ɗaya ba. A ɗauki da'awar gano abin da ya ɓata, tun da ita ce ta fi jawo zargi. A tanadi akwati goma iri ɗaya masu lamba. Mutum ɗaya ya jefa ƙuri'a ya sa zobe a akwatin da ta nuna, ya rufe duka, ya fita ta wata ƙofa ba tare da ya haɗu da kowa ba. Sai mai baiwar ya shigo da kayan aikinsa, ya yi duk abin da ya saba, ya ɗauki lokacin da yake so, ya faɗi lamba ɗaya, a rubuta, sannan a buɗe. A yi haka sau 20. Mai kintace zai dace kusan sau biyu. Yiwuwar ya dace sau bakwai ko fiye ba ta kai uku cikin dubu ba, ta sau goma ko fiye kuwa ba ta kai ɗaya cikin dubu ɗari ba. Kafin a fara, a yi zagayen gwaji da akwatunan a buɗe, domin mai baiwar ya tabbatar da bakinsa cewa wurin da lokacin da mutanen da ke ciki ba su hana aikinsa ba. Wannan ke toshe uzurin da kan biyo baya. In ya ce zobe ba ya amsa masa sai abin da aka sata da gaske, ko sai da mai kayan a zaune, a gyara tsarin ya dace da maganarsa, muddin babu wanda ke ɗakin da ya san amsa.

Sharuɗɗan mutunci ba su gaza na lissafi muhimmanci ba. Kada a gwada abin da zai cutar da jiki, don haka maganin ƙarfe da na bindiga ba su da wuri a nan sai a kan abin da ba shi da rai. Kada a sa sunan wani mutum na gaske a matsayin wanda ake zargi. A sakaya sunan duk wanda ya shiga, sai in shi ya so a bayyana. A sa limami da fasto da wakilin masarauta su zauna a matsayin shaidu, tare da wanda ya san dabarun rufa-ido, domin tsakanin 1979 da 1981 wasu samari biyu masu wannan sana'a sun ruɗi masu bincike a wata jami'a da ke St. Louis, abin da ya nuna cewa digiri ba ya hana a yaudari ido. Ɓangarorin biyu su sa hannu a kan adadin da za a kira nasara kafin a buɗe akwati na farko, a kuma yi alkawarin wallafa sakamakon da Hausa da Ingilishi ko ta ina ya faɗi. Wanda ya haye wannan mataki, sai a nemi wata jami'a, ta Wukari ko ta Yola, ta maimaita gwajin da nata mutanen da nata akwatunan.